Ranar Da Mang Pulong Ya Kalli Gefen Fili

A garinmu na bakin tekun Batangas, namijin da ya haura sittin ba shi da ɗan baftisma ko guda, to ko dai taɓaɓɓe ne, ko kuwa Mang Pulong ne. A takarda sunansa Crispulo Dimaculangan, amma ko Fada ba ya wahalar da bakinsa da wannan. Mang ɗin kuwa lakabin girmama dattijo ne a wurinmu, na mata Aling. Aski yake yi a wani ɗan shago mai kujera ɗaya a gefen kasuwar kifi, da shi yake ci. Abin da yake rayuwa dominsa kuwa usur ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana alƙalancin ƙwallon kwando a filin simintin gaban coci, wanda ake shanya shinkafa a kai da safe, a share da la'asar a yi wasa.

Garin unguwa biyu ne, Ilaya ta kan tudu da Ibaba ta masunta, kuma tun kafin a haife mu ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba sai a kan mutum ɗaya. Duk bazara in gasa ta zo, Ilaya ta ce Pulong, Ibaba ta ce Pulong. Ba wai don yana da daɗin sha'ani ba, wannan kam ba a raba da shi ba. In ka zauna a kujerarsa ya ɗora maka aska, sai ka sha karatu ko kana so ko ba ka so, don wa zai yi gardama da mai aska a maƙogwaronsa?

"Ku ƙwallo kuke kallo, shi ya sa kullum kuke ihun banza," haka yake farawa. "Ƙwallo ba ta laifi. Ni ƙafar mai tsaro nake kallo. Kowa a filin nan kamar cikin ganga yake tsaye, tasa shi kaɗai, daga ƙasa har sama. Wanda ya riga zuwa wuri, ya kafa ƙafa biyu, ya fuskanci mai ƙwallo, wurin ya zama nasa. In mai ƙwallo ya zo ya daki ƙirjinsa, laifin bangaza ne, a karɓe ƙwallo. Amma in mai tsaro ya makara, sai da mutum ya tashi sama sannan ya shigo masa ƙarƙashi, ko ya turo kwankwaso waje da gangarsa, to shi ne mai laifin tare hanya, ko da kuwa shi ya sha ƙasa ya zubar da haƙori. Ɗaga haɓa."

Sai ka ɗaga haɓa.

Yana saurayi ya fara busa, a ƙarƙashin wani tsohon alƙali, Mang Teryo, mutumin kirki mai 'ya'yan baftisma sun fi arba'in. A wurinmu in aka yi haihuwa, uba kan je wa mutumin da yake ganin girmansa ya roƙe shi ya zama ninong, wato ya tsaya wa jaririn a coci ya zama ubansa na biyu har mutuwa. Ba a ƙi, ƙi ma ana ganinsa abin jawo tsiya ne. To, rabin 'yan wasan garin 'ya'yan Teryo ne ta wannan hanya, kuma Pulong ya ga yadda usur ɗin tsohon ke shaƙewa duk sa'ad da ɗayansu ya yi gwiwar hannu. Ya kuma ga ranar da aka raka Teryo gida da jifan silifa. Shi mai aski ne, ya fi kowa sanin cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Daga ranar ya yanke: muddin usur na wuyansa, ba zai tsaya wa ɗan kowa ba.

Da farko mutane suka ɗauka jan aji ne. Da ya ƙi na biyar, ya ƙi na goma, sai aka daina zuwa. Aka riƙa yaba gaskiyarsa a fili, ana tsallake ƙofarsa in an tashi biki.

Amini ɗaya gare shi a duniya, Islaw Macatangay, masunci ɗan Ibaba. Tare suka tashi, tare suka sha bulala a makaranta. Islaw ne kaɗai ke zama da son ransa ya saurari zancen ƙafa da ganga, har ya koyi kallon wasa yadda Pulong ke kallonsa. Ranar da matar Islaw ta sauka, bayan shekara bakwai ana jira, sai ga shi a ƙofar shago da ƙaton kifi a hannu ɗaya, kwalbar giyar kwakwa a ɗayan.

"Pare! Namiji ne!" Tun daga titi yake kwaɗa masa sunan da uban jariri da ninong ke kiran juna da shi, don a ganinsa magana ta ƙare tun ba a fara ba. "Renante muka sa masa. Ka nemi farar riga, Lahadi mai zuwa ne."

Pulong ya goge askarsa, ya ninke. "Islaw, ka san ƙa'idata."

"Ƙa'idarka ta mutanen gari ce. Ni ne fa."

"Yaron nan zai girma ya riƙe ƙwallo. Kowane yaro a garin nan sai ya riƙe."

"Haba, Pulong! Jaririn kwana ɗaya? Ko wuyansa bai tsaya ba, har ka hango masa laifi biyar na kora daga fili?"

"In na karɓi naka, me zan ce wa goman da na ƙi?"

Islaw ya daɗe yana kallonsa yana jiran ya fashe da dariya. Da bai fashe ba, ya ajiye kifin a kan kujerar aski, ya ɗauki kwalbarsa ya fita. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. In sun haɗu a hanya Islaw kan ce, "Barka, Alƙali," ya wuce. Askinsa ma ya koma garin gaba, tafiyar rabin awa a mota.

Wadda ta fi kowa biyan wannan ƙa'ida ita ce matar Pulong, Aling Pining. Allah bai ba su haihuwa ba. Duk Kirsimeti yaran gari kan yi ado su bi gidajen ninong ɗinsu, su kama hannun babba su ɗora a goshi, a sa musu albarka a ba su ɗan abin da ya samu. Pining kan kwana biyu tana naɗe shinkafa mai yauƙi a ganyen ayaba, ta jera a tire, ta zauna a baranda. Yaran su wuce rukuni-rukuni, su gaishe ta da ladabi daga titi, su shiga gidan maƙwabta.

"Namu bai zo ba," ta ce masa wata shekara, ba ta ko ɗaga murya ba. "Na mutane da ake kawo mana har gida ma kana kora. Guda ɗaya, Pulong. Ko mace ce, mata ai ba sa shiga gasarku."

"In na buɗe ƙofa ga mace, gobe a kawo ƙaninta."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Yana sonta, wannan ba a musu, shi yake taje mata gashi da kansa a shekarun da ciwo ya ci ƙarfinta. Amma yana ganin gaskiya ɗaci gare ta, kuma shi ne aka zaɓa ya sha. Da ta rasu, sai da aka roƙi 'yan dakon kasuwa suka cika hannun ɗaukar akwatin gawarta. Islaw ya zo coci, ya tsaya can baya, ya tafi ba su gaisa ba.

Bayan nan sai tsufa ya shigo masa gaba ɗaya. Gwiwa ta fara ƙara, shago ya koma na tsofaffi uku-huɗu. Yakan dafa baƙin kofi da safe ya zuba kofi biyu da mantuwa. Da aka ce masa Islaw ya faɗi a cikin jirginsa, ɓarin jikinsa ya shanye, ya sa takalmi ya je har bakin layinsu, ya tsaya, ya juyo. Zumunta a ƙafa take, amma tasa ƙafar ta manta hanya. A ransa kuwa babu abin da yake so a sauran kwanakinsa kamar ya zauna kusa da mutumin nan su yi shiru tare, kamar da.

Ana saura sati uku idin waliyyin garinmu, wani dogon mutum ya sunkuyo ya shigo shagon. Nante ne, jaririn nan na da, yanzu shekara ashirin da takwas, shi ne ginshiƙin tsaron Ibaba. Pulong ya busa masa laifi ya fi sau ɗari, amma bai taɓa taɓa gashin kansa ba.

"Mang Pulong, ba aski na zo ba." Ya kama hannun tsohon ya ɗora a goshi, abin da bai taɓa yi ba. "Matata Marivic ta sauka, mace. Ranar Lahadin idi za a yi mata baftisma. Na zo roƙon abin da babana ya roƙa."

Pulong ya zauna a kujerar masu aski. "Babanka ya sani?"

"Na gaya masa. Bakinsa ba ya fita sosai yanzu. Bai ce a'a ba." Nante ya sosa ƙeya. "Likita ya ce kada mu sa rai da nisa. Ni dai na gaji da ganin tsofaffi biyu suna gaba a kan kaina tun ban san kaina ba. Kullum aka kunna wasa a talabijin, ƙafar mutane yake nuna mini da hannun da ya rage masa."

"Na yarda," in ji Pulong, da sauri kamar za a ƙwace. "Gasar bana ce ta ƙarshe. Ranar Asabar in ajiye usur, Lahadi in tsaya mata."

A nan ya kamata ya je wa kwamitin gasa ya ce su nemi wani. Ya ma je, bayan da Ilaya da Ibaba suka fito wasan ƙarshe kamar kullum. Shugaban kwamiti ya yi dariya har da buga tebur. "Kai? Ko uwarka ce ke tsaro sai ka busa mata. In ba kai ba, wa Ilaya za ta yarda da shi?" Maganar ta yi wa Pulong daɗi, abin da ya cuce shi ke nan. Ya ce wa kansa ai baftisma Lahadi ce, wasa Asabar, a ƙa'ida bai zama kowan kowa ba tukuna.

Asabar da ƙarfe huɗu fili ya cika har kan katangar coci. 'Yan badujala na gefe, mata na sayar da ayaba soyayya, 'yan Ilaya na tsokanar 'yan Ibaba da ƙarnin kifi, su kuma suna ce musu birai masu hawan kwakwa. Ana gab da farawa, aka turo Islaw a keken guragu. Nante da kansa ya nema masa inuwa a kusurwar fili, daf da layin ƙarƙashin raga. Ya rame, bakinsa ya karkace, tawul a kafaɗa. Pulong ya ɗaga masa hannu. Islaw ya ɗan sunkuyar da kai, kaɗan ƙwarai, amma Pulong ya gani.

Wasan ya yi zafi, ya kuma busa shi yadda ya saba. Ya ba Nante laifi huɗu, babu wanda za a ce ba daidai ba, saura ɗaya a fitar da shi. Da ya rage daƙiƙa takwas, Ibaba na gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannun Ilaya. Suka miƙa wa Dindo Panganiban, ɗan shekara goma sha tara, mai gudu kamar an koro shi. Ya zille wa mutum ɗaya, ya nufo raga. Pulong na tsaye a ƙarƙashin ragar, alƙali na biyu na can tsakiyar fili, hukuncin nasa ne shi kaɗai.

Ya ga komai, don idonsa bai taɓa tsufa ba. Nante ya taho daga gefe ya kafa ƙafar dama. Dindo ya tashi sama. Sai bayan ya tashi ƙafar hagun Nante ta ja ta iso, kwankwaso ya biyo ta. Tazarar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma makara ce. Suka haɗu, suka zube tare, ƙwallon ta yi rawa a baki ta faɗa raga. A ƙa'ida laifin tare hanya ne, ƙwallo ta ci, Ilaya ta yi nasara, Nante ya fita da laifi na biyar a gaban ubansa.

Usur ya tashi, hannun Pulong ya tashi sama a dunƙule. Fili ya yi tsit ana jiran alama: in ya kama ƙugu da hannu biyu, tare hanya ne, in ya daki tafinsa da dunƙule, bangaza ne. Shekara talatin da biyar bai taɓa kallon gefen fili yana tsakar hukunci ba. Ran nan ya kalla. Ya ga tsoho a keke, miyau na bin gefen bakinsa, ya ƙanƙame hannun keken da hannunsa mai rai. Ya tuna gobe Lahadi. Sai ya ji dunƙulensa ya sauka a tafinsa, tas.

Bangaza ke nan, ƙwallon ba ta ci ba. Ibaba ta ɓarke da ihu, aka ɗauki Nante sama. Pulong ya tsaya yana jiran silifa, har ma yana fata, don da an jefe shi da ya ji ya biya wani abu. Ba wanda ya jefa. Kocin Ilaya ya buɗe baki, ya rufe, ya ce wa yaransa, "In Mang Pulong ya ce bangaza ne, to bangaza ne. Ku tattara kayanku." Dindo ya taso yana ɗingishi, gwiwar hannunsa na jini, ya zo ya kama hannun da ya zalunce shi ya ɗora a goshi.

"Ku yi haƙuri, Mang Pulong, ban ga ya riga ni tsayawa ba. Badi zan kula."

Pulong ya janye hannunsa. Ya cire usur ya sa a aljihu, mutane na ta dafa kafaɗarsa suna cewa an yi ritaya lafiya, ba za a sake irinsa ba. A hanyar gida ya riƙa lallashin kansa: sau ɗaya ne, ba wanda ya gani, kuma ga abin da ya saya da shi. Ya goge farar rigarsa da yamma, ya rataye.

Lahadi da safe ya tsaya a coci cikin sauran iyayen baftisma, Fada ya zuba wa jaririyar ruwa, ta tsala kuka, kowa ya yi dariya. Ya sa babban yatsansa ya yi mata alamar gicciye a goshi. Daga nan aka wuce gidan Macatangay, an kafa rumfa a titi, ga gasasshen alade, ga taliya, ga samari suna ta maimaita labarin jiya. Nante na ta hidima, amma duk sa'ad da suka haɗa ido da Pulong sai ya kau da kai.

Islaw na bakin ƙofa a kekensa. Da hayaniya ta ɗan lafa, ya yafito Pulong da yatsu. Pulong ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, karo na farko cikin shekara ashirin da takwas. Ya ji ƙamshin man zafi da ake shafa masa. Sai da ya kai kunne daf da bakin kafin ya gane maganar, don kalmomin a jiƙe suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya.

"Na ga ƙafar."

Pulong ya ce, "Islaw, domin ka na..."

"Yi shiru." Ya ja numfashi, ya goge baki da tawul. "Duk shekarun nan ina ce wa kaina, mutumin nan ba ya iyawa ne. Haka aka halicce shi, kamar gurgu. Shi ya sa ban taɓa tsanarka ba. In an zage ka a jirgi, ni ke tare maka." Ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Jiya na zo in ga ka busa wa ɗana na biyar. Da ka busa, da na ce to, aƙalla abin da aka ƙi ni dominsa gaskiya ne. Ashe kana iyawa, Pulong. Ni ne dai ban kai ba a lokacin. Pining ma ba ta kai ba."

Islaw ya juyar da fuska, ya ɗaga wa surukarsa hannu. Marivic ta zo da fara'arta, ba ta san me aka yi ba, ta danƙa wa Pulong jaririyar don hannunta ya samu, ta tura keken cikin gida. Wani mai ɗaukar hoto ya tsaya a gabansa yana cewa, "Ninong, ɗan murmushi mana, yau ai ranarka ce!" Ya yi murmushin.

Ya koma gidan sau uku bayan haka, duk sau ukun Nante ya tare shi a ƙofa yana kallon ƙasa, ya ce Baba na barci. Islaw ya rasu a watan Agusta.